Abin da Jinyar Gwaggo Ta Koya Mini Game da Ciwon Sukari

A shekarar 1992, lokacin da gwamnatin tarayya ta sa aka bincika cututtukan da ba a ɗaukarsu daga mutum zuwa mutum, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oladipo Akinkugbe, an samu kashi 2.2 cikin ɗari na baligan 'yan Najeriya da ciwon sukari. A 2018 wasu likitoci, da Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a kan gaba, suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka ce abin ya kusa kashi 6, mutum sama da miliyan 11 ke nan. Ita kuwa ƙungiyar IDF mai yaƙi da cutar a duniya, miliyan 3.6 ta lissafa mana a 2021. Tazarar da ke tsakanin miliyan 3.6 da miliyan 11 ba ƙarama ba ce, kuma sai da na yi jinyar gwaggona na gane cewa a ƙasar da gwaji ya yi ƙaranci, kowane lissafi kirdado ne.

Mace ce mai jiki, mai sana'ar waina, wadda ba ta san zaman banza ba. Ta fi shekara tana fama da ƙishirwa, tana tashi fitsari cikin dare har barci ya gagare ta, zanenta kuma kullum sai ƙara yi mata yawa yake. Duk sanda jikin ya matsa, sai a aika kemis, a haɗo maganin maleriya da na taifot. Babu wanda ya taɓa tsira mata allura a yatsa ya ɗiga jini a kan na'ura, aikin da ba ya wuce minti ɗaya. IDF ta ce fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su san suna da ita ba. Don haka da na ga binciken 2018 ya ba Arewa maso Yamma kashi 3 kacal, mafi ƙanƙanta a ƙasar, ban ce mun tsira ba. Ko da ukun ce gaskiya, mutum nawa ne a cikinta suka sani?

Ƙafa ce ta tona asirin ciwon. Wata safiya ta taka garwashi a bakin murhu, ba ta ji ba, sai da jikarta ta ga tafin ƙafar ya yi bororo. Sukari idan ya daɗe da yawa a jini yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, ya kuma ƙuntata hanyoyin jinin da za su warkar da rauni. Gyambon ya ƙi kamewa. Maƙwabta suka ce jifa ne, wasu suka ce daji ne, kar a kuskura a kai asibiti, aka yi ta barbaɗa gari iri-iri. Ranar da muka kai ta, na'urar ta nuna sama da 400, alhali 126 ma, ga wanda bai karya ba, ya isa a ce akwai ciwon. Likitan ya ce, "Hajiya, wannan ciwon ya jima a jikinki." Yatsu biyu aka cire. Tun daga lokacin, kowane dare sai na haska tocila na duba tsakanin sauran yatsun, tana cewa, "Ɗan nan, ai ba na jin komai." Ni kuwa rashin jin ne yake tsorata ni.

Na koyi cewa a ƙasar nan aljihu ne yake yanke wa mai ciwon sukari hukunci. Bayan an saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin allurar insulin da tsinken gwaji suka tashi fiye da ƙarfin mai sayar da waina. Ga shi allurar ba ta son zafi, wuta kuma babu, sai mu ɗaure kwalbar a leda mu tura ƙarƙashin randa cikin jiƙaƙƙen yashi. Gwaggo ta fara tsallake kwana. "Yau jikin da sauƙi, a bar ta gobe," in ji ta, don tausayinmu take ji. A daidai wannan gaɓar masu lasifika a bayan mota suke samun kasuwa, suna rantsuwa cewa kwalba ɗaya za ta raba mutum da sukari har abada. Ba ni da faɗa da zogale ko shuwaka a cikin miya, amma wanda ya sa majiyyaci ya ajiye allurarsa don ya sayar masa da jiƙo, da hannunsa a abin da ya biyo baya. Gwamnati ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021. Da ana ware kuɗin nan don sauƙaƙa insulin da gwaji a ƙananan asibitoci, da kowa ya ga amfaninsa.

Batun abinci ma akwai gyara. An ce mata ta koma alkama, sai ta riƙa cin malmala uku hankali kwance, alhali yawan tuwon ya fi irin hatsin muhimmanci. Kuma ware mata kwano ya sa ta ji kamar an fitar da ita daga gidan. Da aka rage mai da sukari a tukunyar kowa, aka ƙara ganye da wake, sai ta fi kiyayewa.

Ƙoda ce ta gaza daga ƙarshe. An yi wankin ƙoda iya abin da aljihu ya ɗauka, ta cika a gida da hantsi, kafin la'asar an kai ta makwancinta, Allah ya jiƙanta. Babu takardar da ta ambaci sukari, masu ta'aziyya ma ciwon ƙoda suka ji. Haka cutar take ɗaukar mutane da sunan shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, a ƙasar da mafi yawan mace-mace ba a yi musu rajista. Mutum 416,000 da IDF ta ce cutar ta kashe a Afirka a 2021, ƙiyasi ne. A Amurka da Ingila masu cutar sun ƙaru amma sun fi daɗewa a raye fiye da da, saboda ana gano ta da wuri, ana kula da hawan jini da ƙoda tare da ita. A nahiyarmu kuwa mafi yawan waɗanda take kashewa ba su kai shekara 60 ba, magidanta da iyaye mata masu ɗawainiya.

Bayan sadakar bakwai na faɗa wa dangi ainihin abin da ya faru, domin cutar tana bin jini. Wasu ba su so ba, suna gudun kar zancen ya fita ya hana 'yan matan gidan samun miji. Duk da haka da yawa sun je gwaji, aka samu yayana da ita, mutumin da bai taɓa kwanciya ciwo ba. Yanzu yana shan metformin, ya bar shayi mai cokali huɗu, kuma da ƙafa yake zuwa shagonsa. Wata uku-uku yake komawa a duba shi, har da ido da ƙoda.