Katangar Da Ke Magana A Baitalami

Uwargida, idan Allah Ya nufe ki da ziyartar Masallacin Ƙudus, ki daure ki ƙarasa Baitalami, garin da ake cewa a nan aka haifi Annabi Isa (AS). Tafiyar kilomita 10 ce kacal kudu da Ƙudus. Tun kafin ki shiga garin za ki yi kiciɓis da wata katangar kankare mai tsayin mita 8, wadda Isra'ila ta fara ginawa a 2002. A 2004 Kotun Duniya ta ce gininta ya saɓa wa dokokin ƙasa da ƙasa, amma har gobe tana nan tsaye, ta raba manomi da gonar zaitun ɗinsa.

Da kin tsallaka ɓangaren Falasɗinawa sai ki tarar katangar ta koma allo. Zane a kan zane, rubutu a kan rubutu, galibi kuma babu sunan mai yi. Wanda za ki yi ta gani shi ne Handala, yaro ɗan shekara 10, ƙafa ba takalmi, ya juya wa duniya baya. Naji al-Ali ne ya ƙirƙiro shi, shi kuwa harbe shi aka yi a Landan a 1987. Yau hannayen da ba a sani ba ke ta maimaita yaron a katangar da kuma lungunan sansanin 'yan gudun hijira na Aida. A 2018 ma an kama wasu Italiyawa biyu saboda zana fuskar yarinyar nan Ahed Tamimi, aka sa su bar ƙasar. Kin ga ke nan ɓoye suna ba yanga ba ce.

A cikin gari za ki ga aikin Banksy, Baturen Ingilan da bai taɓa fitowa ya faɗi sunansa na yanka ba. A 2007 ya zana kurciya sanye da rigar sulke an saita mata bindiga a ƙirji, da kuma wata 'yar yarinya tana caje soja. Ko ba ki jin Larabci ko Turanci, saƙon zai shige ki. Da yake kuma babu wanda ya ce nasa ne, duk uwar da ta tsaya gabansa sai ta ji kamar bakinta aka ara.

Sai dai ba kowa ke murna ba. Wasu mazauna garin na ganin ana yi wa kurkukunsu kwalliya ne, baƙi su sayi fenti su ɗan shafa, su ɗauki hoto su wuce, su kuwa gobe da asuba su koma layin shingen bincike.

Don haka 'yar'uwa, in kin je kada ki tsaya ga hoto kawai. Ki sayi ɗinkin hannun matan Aida, ki zauna ki saurari labarinsu. Allah Ya kawo musu sauƙi, amin.