Barau na Hamadar Chadi

Mu mutanen ƙasar Gaya akwai taƙamar da ba ma gajiya da ita: wai daga wajenmu maƙerin nan Kano ya tashi ya je Dutsen Dala neman tama. Da ita na girma a Balan. Sai da na shiga jami'a aka nuna mana hoton Tumai, tsufan namu ya koma kamar shekaranjiya.

Tumai ƙoƙon kai ne da ya zama dutse. Wani ɗan Chadi, Ahounta Djimdoumalbaye, shi ya tsinto shi ranar 19 ga Yuli, 2001, a hamadar Djurab, yana cikin ayarin Bafaranshen masani Michel Brunet. An ƙiyasta shekarunsa sun kai miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta birin cimfanzi ba, amma inda kansa ya haɗu da ƙashin baya ya sa wasu masana suka ce da ƙafa biyu yake tafiya. Wasu har yau ba su yarda ba. A wurin an samu ƙasusuwan kifi da kada da dorina, cikin rairayin da yanzu ko ciyawa sai an nema.

Da na zo hutu na nuna wa kakata hoton a waya. Gaskiya musu na zo nema, har na tanadi amsar da zan ba ta in ta tambaye ni Annabi Adamu fa. Ba ta tambaya ba. Miliyan bakwai ɗin ma bai dame ta ba.

"Maigidana, yaya sunansa?"

Na ce Tumai, da harshen Gorane, ma'anarsa fatan rayuwa. Suna ne da ake sa wa yaron da aka haifa dab da rani.

Ta yi shiru, ta matso da wayar kusa da idonta. 'Ya'ya huɗu ta binne kafin ta haifi mahaifina, shi ya sa kowa a gidan Barau yake ce masa, sunan yanka kuwa sai a takarda.

"Ashe Barau ne. To ya tsaya wa uwar tasa?"

Na so in ce mata ba uwarsa ce ta raɗa masa ba, mutanen zamaninmu ne. Sai kawai na ce, "Iya, ƙoƙon na babba ne. Ya girma."

"Alhamdu lillahi," in ji ta, ta miƙo mini wayar, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.