Haɗamar Aiki Da Cikar Wa'adi

Wani akawu ya ba da aron kwamfutarsa ga shirin SETI@home, watau aikin da Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley ta ƙaddamar a 1999 don tace sautin rediyo daga sararin samaniya, ko a ji motsin wata halitta. Ba a biyan ko kwabo, maki kurum ake ba mutum.

To, manhajar BOINC, wadda shirin ya koma kanta daga baya, takan bar mutum ya ɗebi aikin kwanaki ya ajiye, kowane guntu da wa'adinsa. Gogan naka sai ya ɗebi na kwana 10, ya kashe injin, ya tafi hutun wata guda. Da ya komo, manhajar ta bar bi da bi da ta saba, ta dinga kama wanda wa'adinsa ya fi kusa. Amma ina! Waɗansu sun riga sun wuce, Berkeley kuwa ta miƙa su ga waɗansu masu sa kai, aka yi aiki biyu a banza.

Tun daga ran nan bai ƙara ɗibar abin da ya wuce na kwana ɗaya ba, har aka daina rabon aikin a watan Maris na 2020.