Wasiƙa Zuwa Geza: Kada a Zubar da 'Ya'yan Kyanwar Nan

Manchester, Ingila

Yayana,

Yaya ƙarfin jikin Inna? Yaya aikin fadama, da fatan kogi bai yi muku ta'adi bana ba? Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da hidimar yau da gobe. Mun gode Allah.

Saƙon muryar da 'yarka ta turo ta WhatsApp ya iso, har da kukanta. Wai kyanwar ɗakin ajiya ta haihu, ka ce da zarar sun buɗe ido za a zuba su a buhu a kai bayan gari. Na san ba mugunta ba ce, lissafin magidanci ne: bakin da ke jiran tuwo a gidan nan ya isa. Duk da haka arziki nake roƙo, a dakata. Na zaɓi in rubuto ne don na san in waya na kira, kafin in kai tsakiyar magana ka fara dariya kana cewa Turai ta juya mini kai.

Mu ma akwai kyanwa a gidanmu yanzu. Wata maƙwabciya ce tata ta haihu, yara suka dame ni har na karɓi ɗaya. Ranar da muka fara nuna sha'awa ba ta ba mu ba, cewa ta yi sai ta cika mako 8 a gaban uwarta. Ashe a nan karɓar kyanwa karɓar ɗawainiya ce da hukuma ta sani. Akwai dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, wadda ta ɗora wa mai dabba alhakin cinta da shanta da makwancinta da lafiyarta, in ya yi sakaci sai kotu. Tun daga 10 ga Yuni 2024 kuma ya zama tilas a Ingila a sa wa kowace kyanwa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar wuya kafin ta kai mako 20, girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, tana ɗauke da lambar da ke nuna mai ita. Wanda aka kama bai sa ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi tarar tana iya kaiwa fam 500.

Sai zancen likita. Kafin in zaɓa, wani abokin aikina ya ce in fara duba rajistar hukumar likitocin dabbobi ta ƙasar, RCVS, wadda ke buɗe a intanet ga kowa. Wanda babu sunansa a ciki ba shi da izinin kiran kansa likitan dabbobi. Da muka je, likitar ba ta fara da allura ba. Ta ɗora kyanwar a ma'auni, ta duba ido da kunne da dasashi, ta shafa ciki, ta tsefe gashin tana neman ƙuma, ta tambaye ni abin da take ci. Sannan ta yi mata rigakafin murar kyanwa da na wata cutar hanji mai kashe ƙanana cikin 'yan kwanaki. Allura ta farko a mako 9, ta biyu a mako 12, daga nan sai tuni duk shekara. Ta rubuta komai a kati, har lambar kwalbar maganin. Da aka miƙo mini takardar kuɗi na juya lissafin zuwa naira a zuciyata, sai na yi shiru na biya. Ba zan faɗa maka adadin ba, don kada Inna ta ji.

Kada ka ɗauka yabon Turawa na zo yi. Tausayinsu ga dabba gaskiya ne, kuma ya daɗe: ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta RSPCA tun 1824 take aiki, wata mata kuma mai suna Maria Dickin ta kafa PDSA a Landan a 1917 don a duba dabbobin talakawa kyauta, har yau asibitocinta na nan. Amma inda tausayi ya taru, 'yan kasuwa ma sun taru. A 2013 kusan kashi 10 cikin 100 na asibitocin dabbobin Birtaniya ne ke hannun manyan kamfanoni. Shekara goma bayan haka abin ya doshi kashi 60, a hannun kamfanoni shida kacal. Kana ganin allon ƙofa da sunan unguwa, ka ɗauka na mutum ɗaya ne, ashe reshe ne. Koke ya yi yawa har hukumar sa ido kan gasar kasuwanci ta buɗe cikakken bincike a 2024. Mutane na biya wa kyanwa inshora duk wata saboda tsoron ranar da za ta karye. Aikina na kula da tsofaffi a gidajensu kuma ya nuna mini wani ɓangaren: na sha shiga gidan da kyanwar ba ta taɓa tsallake ranar likita ba, mai gidan kuwa ta fi wata ba ta ga fuskar ɗanta ba. Ba na yi musu shaidar rashin imani, rayuwar ce ta warwatsa su, kyanwar ce ta rage mai jiran su a ƙofa. Amma wannan ba abin da zan so wa Inna ba ne, ko da za a haɗa mata da duk asibitocin Ingila.

Abin da na ga ya dace mu ɗauka a wurinsu biyu ne: ba sa jira sai dabba ta kwanta, kuma ba sa miƙa ta ga duk wanda ya riƙe sirinji. Tausayin kuwa ba sai mun aro ba. Mu da muka yi zaman makarantar allo tare, ka fi ni sanin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Buhu ɗaure a bayan gari, ina bambancinsa da wannan? Ka san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma akwai labarin sahabi Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha. Duk mun ji waɗannan a bakin malamai. Abin da ba mu yi ba shi ne mayar da su aiki.

Kuma, Yaya, kyanwar Geza ba irin tawa ba ce. Tawa barci da ci kawai ta sani. Taku ma'aikaciya ce. Ita ke gadin shinkafa da gero tun daga kaka har bazara, ba ta taɓa neman lada ba. Ka tuna ɓarnar da ɓera ke yi wa buhunan shanshera, ka kuma tuna zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Kyanwa ba ta maye gurbin rufe hatsi da share gida, amma gidan da take ɓera ba ya sakewa. Waɗannan ƙananan da kake son zubarwa, nan da wata shida maƙwabta za su zo roƙonsu.

Ba ina cewa ka kwaikwayi abin da na yi ba ne, don buƙatarmu ba ɗaya ba ce. Ga misali: tawa ba a yi mata allurar haukan kare ba, likitar ta ce ba ta buƙata sai in za ta fita ƙasar, domin Birtaniya ta rabu da cutar a karnuka da sauran dabbobin ƙasa tun 1922. Ku kuwa wannan allurar ita ce ta farko a muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta cizon kare ne, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana ɗauka, kuma ita ce mai kwana kusa da yara. A wurinmu da dabbobi ke kai da komo tsakanin Tsamiya da Segbana, tsakanin Lolo da ƙauyukan Benin, kare ba ya tsayawa a duba masa takarda. Idan sun kai wata 3, a yi musu. In kuwa, Allah ya kiyaye, kare ko kyanwar da ba a yarda da lafiyarta ba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da sai an kai Birnin Kebbi kafin a samu allurar. Kada a tsaya shafe-shafe. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan ba a tashi.

Na biyu maganin tsutsar ciki. Yawancin 'ya'yan kyanwa ta nonon uwa suke samun tsutsa, shi ya sa za ka ga ciki ya kumbura jiki ya rame. Ana fara ba su tun suna mako 3, a riƙa maimaitawa, uwar ma a ba ta. Ba shi da tsada, kuma kariya ce ga yaran gida masu wasa a ƙasa.

Sauran duk hani ne, ba ya cin ko kwabo. Kada a ba kyanwa farasitamol ko da ɓari ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, kashe ta yake yi. Kada a shafa mata fiya-fiya ko maganin kaskar shanu da na karnuka don ƙuma, da yawansu guba ne gare ta, ga shi kuma tana lashe jikinta. Kada a zuba shinkafar ɓera a gidan da ke da kyanwa, in ba ta ci kai tsaye ba za ta ci ɓeran da ya ci. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini. Madarar shanu, wadda kowa ke ɗauka ita ce gatan kyanwa, gudawa take sa yawancinsu. Ku da Allah ya ba kogi, kan kifi da ɗan abin da ya rage, a dafa a cire manyan ƙayoyi, ya ishi uwar ta shayar. A ajiye musu ruwa mai tsabta. Mai juna biyu kada ta kwashe kashinsu, yara kuma su wanke hannu in sun gama wasa da su.

Yanzu wa za a kai wa? Nan ne na fi jin tsoro. Ranar kasuwa ba a rasa mai tebur da kwalabe, wasu rubutun jikinsu da Faransanci, sun sha rana tun safe, mai sayarwa kuma kowa likita yake kiran sa. Sayar da magani daban, sanin magani daban. Likitan dabbobi na gaskiya shekara 6 yake yi a jami'a, irin ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, sannan Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi masa rajista. A ƙarƙashinsa akwai malaman dabbobi da suka yi karatun aikin, su ne aka fi samu a ƙananan hukumomi, kuma ba abin rainawa ba ne. Ka tambaya a Bagudo wane ne jami'in gwamnati mai kula da lafiyar dabbobi a yankin Matsinka da Geza. Fulanin da ke kusa da ku ma ka tambaye su, mai garke ba ya manta wanda ya warkar masa da saniya, ba ya kuma manta wanda ya kashe masa.

In ya zo, ka lura da hannunsa kafin bakinsa. Allurar rigakafi a cikin sanyi take rayuwa. Wanda ya ciro ta daga aljihu ko daga akwatin babur ba ƙanƙara, ruwa kawai zai tsira musu ya karɓi kuɗinka. Ka duba ranar lalacewar maganin da lambar NAFDAC. Ka ga ko zai kimanta nauyin dabbar kafin ya ja magani, don abin da ake auna wa bijimi, kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe ɗan kyanwa. Ka nemi ya rubuta maka abin da ya yi da kwanan wata, ko a bayan kwali ne. Na san aikinsu ya fi karkata ga shanu da awaki, wani ma zai yi dariya in ka ce kyanwa. Bar shi ya yi. Cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda ke binciken cututtukan dabbobi tun 1924, tana haɗa rigakafin haukan kare a nan cikin ƙasarmu, ba abin Turai ba ne. Duk ranar 28 ga Satumba kuma ranar yaƙi da cutar ce a duniya, a wurare da dama ana yin allurar kyauta a lokacin. Ka sa kunne a rediyo. Mafi sauƙi shi ne ka haɗa su da tumakinka da karen gona duk ranar da malamin zai zo, kuɗin mai ɗaya.

Akwai abu ɗaya da na san zai dame ka, kuma da gaskiyarka: yawan haihuwa. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin mako 9 ne kawai, tana iya haihuwa sau uku a shekara. A nan ƙaramar tiyata ake yi musu su daina. A wurinku na mace zai yi wuyar samu sai a babban gari, na muzuru ya fi sauƙi a hannun wanda ya iya. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiyar dabbar da ba a ci, don haka ka ji ta bakin Liman kafin ka yanke shawara. Kafin nan, a bar su da uwarsu su cika wata biyu, ka riƙe ɗaya ko biyu, sauran a raba wa masu rumbu da masu shago da ka san za su ba su abinci.

Zan haɗa kuɗin allurar da na maganin tsutsa a cikin saƙon ƙarshen wata, daban da na Inna, kada a gauraya. In ka samu malamin dabbobin, ka haɗa ni da shi a waya mu yi magana. Ka gaida Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida matanka da yara, da Kawu, da Liman, da duk mai tambaya ta.

Wassalam.

Ni ne ƙaninka.