Kuɗin Mota Da Kuɗin Buhu

Abin da za mu kawo a wannan fitowa a gidanmu ya faru, ba a gidan wani ba, kuma sai da muka yi ta juya shi a rai kafin mu yarda mu rubuta.

Waɗanda suka san mu sun san gwanjo muke sayarwa, rigunan sanyi da barguna, tun muna da rumfa a babbar kasuwar Terminus kafin gobarar watan Fabrairu na 2002 ta cinye ta. Bayan nan mun kasa kaya a bakin titi, mun yi talla a kafaɗa, kafin Allah Ya ba mu ɗan shagon da muke ciki yanzu. Shekara uku da suka wuce babban yaronmu (ɗan fari ne, ba za ku ji sunansa a bakinmu ba) ya zo da sabon salo. In an fasa dila sai ya tsince masu lamba ɗaya, ya ɗauki hotonsu ya sa a Facebook da zauren WhatsApp, ya rubuta an fara daga kaza, wa zai ƙara, za a rufe bayan isha'i. Wanda ya fi taya shi ke da kaya, ko a Kano yake ko a Maiduguri. Kashegari a ƙulle a kai tashar Bauchi Road a ba direba. Ciniki ya buɗe, muka gode wa Allah, ba mu kuma taɓa tambayar yadda yake lissafin kuɗin aikawa ba. Laifinmu na farko ke nan.

A hunturun bara wata Hajiya a Kano, wadda marigayi maigidanta ya shekara da shekaru yana sari a hannunmu, ta ci gwanjon riguna uku. Yaro ya rubuta mata kuɗin kaya kaza, kuɗin mota N7,000. Ta tura ba musu. Da ta je karɓar saƙo, sai ya zamana direban ɗan unguwarsu ne, cikin hira ya ce mata ai N3,000 aka ba shi. Da la'asar wayarmu ta yi ƙara.

"Malam, ina wuni, ya sanyi? Ni ba ƙara na kawo ba, tambaya ce. A wajenku in an ce kuɗin mota, me ake nufi?"

Wallahi da zagi ta yi da ya fi mana sauƙi. A satin nan liman ya yi tafiya, mu ke jan salla a masallacin layinmu, kuma kwana biyu kafin nan muka zauna bayan asuba muna yi wa mutane bayani a kan surar masu tauye mudu. Ashe muna hangen mudun 'yan hatsi, namu yana cikin wayar yaro.

Da daddare muka zaunar da shi. Ba za mu zalunce shi a rubuce ba, yana da abin cewa. Ya ce, "Baba, kowa haka yake yi. In na fara rigar N8,000 a kan N8,000 ba wanda zai taya. Dole in fara ƙasa mutane su taru, wani lokaci kuma a rufe ban mayar da uwar kuɗi ba. A ina zan cike? Sannan buhu saye nake, leda saye nake, salatif saye nake, keke ba kyauta yake kai ni tasha ba." Muka ce to ɗauko biro. Direba N3,000. Keke zuwa da dawowa N600. Buhu da leda da salatif N500. Ya kama N4,100. Muka ce saura N2,900 fa? Ya ce wahalarsa ce. Muka ce madalla, wahala tana da lada, ko ɗan dako ba a ce masa ya ɗauka don Allah. Amma me ya hana ka rubuta mata kuɗin wahala, ka ce kuɗin mota? Ya yi shiru.

Ka ga, kuɗin riga ciniki ne. Ta gani, ta taya, wasu sun taya, ta ƙara da son ranta, ko ninki uku ta saya ba wanda ya cuce ta. Kuɗin mota kuwa labari ne kake ba ta, cewa ga abin da direba zai karɓa. Ba ta taya shi, domin ba ta ɗauka naka ba ne. Ta ɗauke ka ɗan aike tsakaninta da tasha, irin wanda iyayenmu mata ke ba wa sallahu in za shi birni, ya dawo da kaya da canji a ƙulle a bakin hankici. Dillali ma da yake cin la'ada, kowa ya san la'ada ce, da sunanta ake ba shi.

Wannan magana ba waya ce ta kawo ta ba. A Muwaɗɗa, a babin cinikin murabaha, wanda mai kaya ke faɗin yadda ya sayo sannan a ɗora masa riba, Imam Malik ya yi bayani a kan tufafi da aka sayo a wani gari za a sayar a wani. Ya ware abin da ya shiga jikin kaya, kamar rini da ɗinki, wannan ana lissafa shi kuma ana cin riba a kansa. Kuɗin ɗauko kaya kuwa ana sa shi cikin uwar kuɗi amma ba a ɗora masa riba, sai fa in mai kaya ya fayyace wa mai saye komai ya amince. Ninkewa da ɗaurewa ma cewa ya yi ba a lissafa su. Mun karanta wannan babi a zaure muna samari, muna ganin zancen raƙuma ne. Gwanjon yaronmu ba murabaha ba ne, mun sani, kada wani ɗalibi ya tare mu a hanya. Amma inda suka haɗu a fili yake, duk adadin da ka faɗa da sunan abin da ka kashe, amana ce a wuyanka.

Wani ɗan unguwar nan da ke zaune a Ingila ya zo ganin gida muka ba shi labari, ya yi dariya ya ce Turawa ma sun sha wannan. A eBay, babbar kasuwar gwanjon intanet da aka kafa a Amurka a 1995, da kamfanin yana yankar kasonsa ne daga kuɗin kaya kawai. Sai masu wayo suka riƙa sa kaya a farashin banza suna lafta kuɗin aikawa, su kauce wa kamasho, mai saye kuma ya ga kamar ya tsinci dami a kala. A 2011 kamfanin ya koma yankar kasonsa daga jimlar kuɗin har da na aikawa. Su sun toshe ƙofar ne don aljihunsu. Mu nan ba kamfanin da ke tsaye a kanmu, daga kai sai wayarka.

Muka sa doka a shago, layi uku ake rubuta wa mai saye: kuɗin direba, kuɗin ƙulli, kuɗin kai wa tasha. In mutum huɗu aka kai wa kaya a keke ɗaya, a raba kuɗin keken huɗu, kada kowa ya biya shi cikakke. Wannan ya fi yi wa yaro ciwo, don a nan ne romon yake.

Sai kuma ya zarce ɗaya gefen. Don ya nuna mana fushi, ko don kuɗin aikawa ya yi kyan gani, ya daina sayen leda mai kauri. Cikin Agusta ya aika barguna Kano a buhu tsurarsa, aka ɗaure a saman mota, ruwa ya bi su tun daga Jengre har Saminaka. Suka isa sharkaf suna wari. Mu muka biya, domin sakacinmu ne, direba bai ɗauki alkawarin rufe sama ba. Tun ranar muke gaya wa mai saye da damina ƙulli ya fi tsada, leda biyu ake sawa, ga kuɗinta. Har yau ba wanda ya ce a cire.

Abin da ya rage mai wuya shi ne kuɗin direba kansa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023 bai zauna wuri ɗaya ba, ana gobe Salla kuwa sai abin da ya ga dama. Yanzu kintace muke yi mu karɓa, in ya ragu mu mayar. Akwai wanda aka tura wa canjin N400 ya bugo yana dariya, wai Malam ai da ka sha shayi da shi. Muka ce yanzu da ka faɗa da bakinka ya halatta, amma ya riga ya tafi.

Kada mu ɓoye muku, ciniki ya ragu. Da yake ba inda za a cike, dole a fara gwanjo a kan farashin da ba za mu faɗi ba, masu taya kuma sun fi son inda aka fara da N1,000. Yaro yana nuna mana zaurukan abokansa cike da mutane, ba mu da amsar da za ta cika masa aljihu. Abin da muka iya shi ne yanka masa lada a kan kowace riga daga cikin ribarmu.

Hajiya mun mayar mata da N2,900 ɗinta, ta ce ta yafe, muka ce ta karɓa tukuna. Sauran mutanen shekara biyu kuwa, dare goma sha muka yi muna bin tsofaffin saƙonni a wayarsa, shi yana karantowa mu muna rubutawa a bayan littafin bashi. Mun sami yawancinsu. Mutum goma sha ɗaya lambarsu ba ta shiga, kuɗinsu na cikin ambulan a durowar shago. Shi yana ganin a yi musu sadaka da shi a huta, mu mun ce a ƙara gwada lambobin har bayan azumi.