Karin Kumallo Shida A Majigi

Cikin dukan majigin da muka taɓa kallo, babu abin da ya zauna mana a rai kamar wani ɗan yanki na Citizen Kane, wanda Orson Welles ya shirya a Amurka, aka fara nuna shi cikin 1941. Yankin nan bai cika minti uku ba, ba kuwa kome a ciki sai wani attajiri mai gidan jarida, Kane, da matarsa Emily suna karin kumallo. Amma da wannan kaɗai aka ba mu labarin yadda ƙauna ta ƙare tsakaninsu.

Ga yadda abin ya ke. Safiya shida aka nuna mana, tsakanin wata da wata shekaru sun shuɗe. A ta fari suna ango da amarya, suna zaune dab da juna cikin hoto guda, zance ya ƙi ƙarewa, har Kane ya ce zai ɗage aikinsa na safe dominta. Daga nan sai aka raba su, a nuna fuskarsa, sa'an nan a nuna tata. Ta yi ƙorafin jarida ta ƙwace mata miji. Wata safiya ta ce yana cin mutuncin Shugaban Ƙasa, wanda kuwa ɗan'uwan iyayenta ne. Kowace safiya magana tana ƙara gajarta, murya tana ƙara kaushi, har kiɗan da Bernard Herrmann ya tsara, wanda ya fara da daɗi, ya koma mai nauyi.

A safiya ta shida babu wanda ya ce uffan. Shi yana karanta jaridarsa, Inquirer, ita kuwa ta buɗe Chronicle, watau ta abokan gabarsa. Sai na'urar ɗaukar hoto ta ja da baya sannu sannu, muka ga ashe dogon tebur ne ya shiga tsakani, kowa yana can ƙarshensa. Lalle labarin zuciya a tambayi fuska.

Mun daɗe muna tunanin abin da ya sa aka zaɓi karin kumallo, ba biki ko wata babbar rigima ba. A ganinmu, domin shi ne abin da ba ya sākewa. Ɗaki ɗaya ne, mutane biyun nan ne, lokacin ma ɗaya ne. Da ya ke kome yana nan yadda ya ke, ɗan abin da ya kauce nan da nan ido zai kama shi. Da rigima aka nuna mana, da mun ce ranar nan ce ta raba su, alhali kuwa ba rana guda ba ce, yau da gobe ce.

To, 'yan'uwa, abin tsoron ke nan. Su biyun da ke zaune a teburin ba su ga abin da muka gani ba, gama mu an tara mana shekarunsu cikin minti kaɗan, su kuwa safiya ɗaya ɗaya ta riƙa zo musu.