Dalar Kaka

A wani ƙauye kusa da Wacha, cikin gundumar Magarya, akwai wani yaro ɗan aji biyar. Shi ne ƙarami a gidansu, don haka kowa Auta yake ce masa. Kakarsa ce kaɗai take kiransa Maigida. Auta yana da wani hali da ya dami mutanen gida. Duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, da asuba ba a ganinsa. Kafin a dama koko ya riga ya gangara bakin Korama. Can za a hango shi, kai a sunkuye, yana tafiya sannu sannu kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Korama kwari ne mai tsawo, ya ratsa ƙasar Magarya da ta Dungas. A ciki ake noman rake da rogo, ga dabino ga goruba, wani wurin kuma har kanwa ake ɗiba. Da rani ruwan yakan tsinke, ya zama tafkuna nan da can. Amma da damina, in hadari ya zuba, ruwa yakan gangaro daga tudu da gudu, ya yanke gaɓa, ya tone yashi. In ya janye, sai ya bar abin da ya tono a fili. Wannan lokacin Auta yake jira.

Abin da ya sa shi wannan nema kuwa, labarin kakarsa ne. Ita mutuniyar ƙasar Dungas ce. An kawo ta amarya tun zamanin mulkin Jori Hamani, lokacin da gyaɗa take da daraja, ana tara buhunanta a Magarya kamar duwatsu. A kan takarkari aka ɗauko ta. A wuyanta akwai dala ta azurfa, wadda uwarta ta rataya mata, ita ma uwar gadonta ta yi. Suna cikin ƙetare ruwa sai takarkarin ya yi tuntuɓe, zaren ya tsinke, dala ta faɗa. Kwana uku samari suna lalube, ba su gan ta ba. Kaka ta ba da labarin nan ya fi sau ɗari. Kullum in ta kai wurin tsinkewar zaren sai ta shafa wuyanta.

Auta ya ce mata: «Kaka, ni zan nemo maki ita.»

Ta yi dariya ta ce: «Maigida, maza sun nema sun gaji tun ubanka bai zo duniya ba. In kana so ka faranta mini, sayo mini goro.»

Damina biyu yana nema bai ga dala ba. Amma bai taɓa komowa hannu wofi ba. Ya sami wani tsohon gwangwanin madara, a ciki yake tara tsintuwarsa. Abin da ya fi yawa shi ne tsingaro. Wani jikinsa sumul, wani kuwa da zane kamar an gangara igiya a kansa tun yumɓun yana ɗanye. Akwai kashin maƙera, baƙi mai nauyi, alamar an taɓa narka tama a wurin. Akwai duwatsun wuya guda huɗu, da guntun lofe. Mahaifinsa yakan leƙa gwangwanin ya ce: «Ga ciyawa tana cin gero, kai kana tara shara.» Yana da gaskiyarsa, don hauya ba ta noma da kanta. Shi ya sa Auta yake sammako, ya gama nemansa kafin a fita gona.

Neman yana da dabara. Auta ba ya tona, ido kawai yake sawa. Ya gane safiya ta fi, lokacin da rana take ƙasa ƙasa, kowane ɗan abu yana da inuwarsa. Ya gane abu mai nauyi a gwiwar kwari yake tsayawa, inda ruwa yake rage gudu, tare da tsakuwa. Ya kuma gane inda tsingaro ya yi yawa, to akwai kufai a bisa tudun. Ba ya zuwa sai ruwa ya janye, ba ya tsayawa ƙarƙashin gaɓar da ta tsage, ba ya kuma shiga ruwan kwance saboda tsargiya. Wanda duk zai kwaikwaye shi, ya fara kwaikwayon wannan.

Ran nan ya tsinci wani ɗan ƙarfe mai huda a tsakiya. Ya goge shi, sai ga tauraro mai tsini shida, da lamba 1928. Kaka na gani ta ce: «Anini! Rabona da shi an daɗe.» Ta ce anini goma ne kobo ɗaya, kobo goma sha biyu kuma sule ɗaya. Kuɗin Ingilishi ne, na Najeriya. To, me ya kawo shi ƙasar da Faransa take mulki? Iyaka ba ta da nisa da Magarya. Turawan Faransa da na Ingila sun kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, amma mutane ba su daina cin kasuwannin juna ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi ta gangarawa kudu, kobo da anini suna haurowa arewa.

Mushen lakwal ɗinsu ɗan garin ne, a nan yake hutun damina. Wata yamma Auta ya kai masa gwangwanin. Mushe ya zazzage a kan tabarma, ya ware wuri guda bakwai ya jera su. Ya ce: «Ka san inda waɗannan suka fito?» Auta ya ce daga Korama. Mushe ya ce a'a, wuri ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri. Irin wannan ƙanana, daga tsibiran Maldib ake kwaso su, can cikin tekun Indiya. Sun sha jirgin ruwa, sun sha bayan jaki da na raƙumi, kafin su iso ƙasar Hausa su zama kuɗi. Wacha da Dungas tsofaffin garuruwan Sosebaki ne, fatake kuma suna ratsa ƙasar tsakanin Kano da Damagaram. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Bart, wanda ake kira Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya ta azurfa. Auta ya dubi wurinsa bakwai, ya yi lissafi, ya ga da sauran tafiya.

Mushe ya gaya masa ba shi kaɗai ke wannan nema ba a duniya. A birnin Landan na Ingila akwai kogin Tems. Sau biyu a yini ruwansa yana janyewa saboda teku, ya bar laka a gefe. A ƙarni na 19 ƴaƴan talakawa ne suke shiga lakar, suna tsintar gawayi da ƙusa da guntun igiya su sayar su ci abinci. Yanzu kuwa manya ne suke yi don son tarihi. Sai mutum ya karɓi takardar izini daga hukumar tashar jiragen ruwan birnin, in kuma ya tsinci tsohon abu mai muhimmanci, sai ya nuna wa masana. Daga nan Mushe ya ba Auta ƙaramin littafi, ya ce duk abin da ya tsinta ya rubuta ranar da wurin.

Cikin watan Agusta na damina ta uku aka kwana ana ruwa. Da safe Auta ya tarar gaɓa ta rufta kusa da wata goruba. A cikin tsakuwa ya hangi gefen wani abu baƙi, mai kewaye, ya fi bakin kofin shayi kaɗan. Ya ɗauka, ya ji nauyi. Ya murza da babban yatsa, sai ga fuskar mace. Ya juya, ga gaggafa mai kai biyu. Bai san lokacin da ya iso gida ba.

Kaka ta sa aka kawo lemon tsami da toka. Ta yi ta cuɗawa har baƙin ya fita, azurfa ta yi fari. Auta ya karanta lambar da ƙarfi: «1780! Kaka, taki ma ba haka aka rubuta ba?» Wani ƙanen kakansa da ya taɓa ganin ta amarya ya ce lalle haka lambar take. Gida ya kaure da murna, mata har sun fara guɗa.

Sai dai lambar nan ba shaida ba ce. Matar da ke jiki ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fatake sun amince da kuɗinta ƙwarai, ba sa son wani. Don haka aka ci gaba da buga shi bayan rasuwarta, a Biyana da wasu birane kamar Landan da Paris da Roma, kowanne kuma 1780 ake sa masa. Miliyoyi ne aka buga, duk lamba ɗaya, nauyi ɗaya, wajen giram 28. Sunanta ma bai ɓace ba. Tun daga 1945 sefa ake kashewa a Nijar, amma har yau tamma biyar dala muke ce mata.

Kaka ba ta san wannan tarihi ba, amma ta san kayanta. Ta daɗe tana jujjuya dalar a tafin hannu, ba ta ce komi ba. Can ta ce: «Tawa kunne gare ta. Maƙeri ne ya liƙa shi daidai kan matar. Wannan huda biyu aka yi mata, kuma babu tabon liƙi.»

Auta ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya matso ya rage murya ya ce: «Kaka, ki ce taki ce mana. Ai duk iri ɗaya ne.»

Ta ce: «Maigida, mai wannan ma ta yi kuka irin wanda na yi.»

Labari ba ya kwana a ƙauye. Kwana biyu sai ga wani mutum a kan babur, mai sayen tsofaffin kaya. Ya taya jika goma. A watan Agusta jika goma ba abin wasa ba ce. Rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa. Mahaifin Auta ya yi shiru yana kallon kuɗin, babu kuma mai ganin laifinsa. Mutumin ya ƙara da cewa in yaron ya nuna masa wurin, zai kawo ƴan haƙa su tone tudun, a raba abin da aka samu.

Wannan maganar ce ta ta da Mushe. Ya ba su labarin Bura, can yammacin ƙasa wajen Tera. A 1975 aka tsinci kawunan mutum-mutumi na yumɓu a wurin. A 1983 masanin tarihi Bube Gado ya yi haƙa a tsanake, yana auna komi yana rubutawa, aka gane tsohuwar maƙabarta ce ta mutanen da suka rayu fiye da shekara dubu da suka wuce. Da labarin ya kai Turai sai masu saye suka yi ca, aka bi wurare da yawa aka tone su da dare, aka farfasa tukwane, aka fitar da kayan waje. Abin da aka tone haka, ko an same shi daga baya, ba a sanin daga wane rami ya fito, ko me ke kusa da shi. Mushe ya ce tun 1997 akwai dokar ƙasa da ta hana haƙa kayan tarihi ba da izini ba. Mai babur ya ta da babur ɗinsa ya tafi.

Saura maganar dalar kanta. Aka je wurin liman. Ya ce tsintuwa mai daraja cigiyarta ake yi shekara guda, a ƙofar masallaci da kasuwa. Ba a faɗin kamanninta duka, mai abu shi zai siffanta abinsa. In shekara ta cika ba a sami mai ita ba, wanda ya tsinta yana iya riƙewa, ko ya yi sadaka da ita. Mahaifin Auta ya nisa ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. A makon nan akuya ya sayar ya auno hatsi.

Mai shela ya zaga kasuwa yana cewa an tsinci azurfa a bakin Korama. Har yanzu tsofaffi biyu suka zo. Ɗaya ta ce tata zobe ce. Ɗayar ta zo a ƙasa daga wani ƙauye mai nisa, ta ce dala ce, amma huda ɗaya. Kaka ta ba ta fura, suka zauna har la'asar suna hirar abubuwan da ruwa ya ci masu.

An ƙulle dalar a tsumma, tana cikin akwatin liman, saura wata huɗu shekara ta cika. A littafin Auta an rubuta: «Dala ɗaya, huda biyu, gindin goruba, taki talatin gabas da mashigi.» Ya bar shafi guda babu rubutu, a samansa ya sa: «Mai kunne.» Bazara ta kama, gabas ta fara haɗa hadari. Jiya da dare kaka ta leƙa ɗaki ta gan shi yana wanke gwangwani. Ta ce: «Maigida, in ka je, ka duba ƙasa da mashigi kaɗan. Takarkarin wajen hagu ya karkata.»